Bulon Ilu

A gaɓar Shuɗin Nilu, ƙasan Mai Wurno,
inda ruwa ke janyewa bayan damina
ya bar mana laka baƙa wuluk kamar kwalli,
mu goma sha ɗaya ne muke buga bulo.

Shekara uku bulonmu na tsagewa.
Cikin dubu, ɗari biyu sai sun dare
tun ba su ga wuta ba.
Shugabanmu na da, Gambo, maganinsa ɗaya:
ya ɗaga murya, ya zaftare lada,
ya ce hannunmu ne ya mutu.
Muka koyi shiru. Muka koyi
ɓoye fasasshe a ƙarƙashin mai lafiya.

Sai aka kawo Ɗayyabu.
Ranar farko bai ce a yi, bai ce a bari ba.
Ya tuɓe takalmi, ya shiga kwaɓi har gwiwa,
ya damƙi laka, ya shinshina,
har harshe ya sa mata, wallahi na gani.
Ga tambaya kamar ɗan yaye:
me ya sa nan? Tun yaushe? Wa ya fara?
Baba Cindo ya taɓe baki ya ce,
"Haka muka tarar."
Ya ce, "To, Baba, su kuma me suka tarar?"

Kwana shida yana zagaya shanya,
yana ƙirga tsaga da tsinke a ƙasa.
Ran na bakwai ya tsaya can ƙurya:
layi biyu, ko ɗaya bai dare ba.
"Na wa ne?"
Shiru.
Na Ilu ne, mai koran jaki,
wanda ba ya samun akwatin bugu sai mun tashi cin ful,
wanda in ya buɗe baki a ce masa je ka ɗebo ruwa.

Ɗayyabu ya tsuguna har kansa ya yi ƙasa da na yaron.
Ilu na kallon yatsun ƙafarsa ya ce
shi ragowar kwaɓi yake samu, wanda ya kwana,
kuma inuwar gawo na rufe wurinsa da azahar.
Ya ce tun bara ya lura.
"Me ya hana ka faɗa?"
"Ba a tambaye ni ba."

Yanzu kwaɓinmu sai ya kwana,
muna lulluɓe shanya da ciyawa kafin rana ta take.
Ba kowace tambayarsa ce ta haihu ba.
Mun ɓata mako guda kan yashin Sinja, bai yi ba,
ya karkaɗe hannu ya ce, "To, mun san wannan."

Daren jiya da muke hura wa tanderu wuta
na ji Baba Cindo, da bakinsa,
yana tambayar Ilu
me ya sa hayaƙin gabas ya fi fari.
Ilu ya ce bai sani ba.
Suka ɗauki fitila su biyu,
suka zagaya ta baya.