Kore Ya Zama Rawaya

Ni ce mai rubuta bayanin taro
a garinmu na arewacin Wisconsin,
mutum ɗari tara da 'yan kai,
in ba a ƙirga na kwance a bayan coci ba.
Shekara goma sha bakwai ina kan kujerar nan,
ƙafarta ɗaya gajera ce, na tokare ta da tsohon kundin kasafi.

Daren Talata aka baje taswira a zauren 'yan kwana-kwana,
kofi ya huce, ƙanƙara na narkewa daga takalma.
Kore gona ne. Rawaya gidaje. Ja kuwa kantuna.
Haka aka raba ƙasar tun ba a haife ni ba,
sai ka ce yaro ne ya tsinci fensir kala uku.

Kafin babbar magana sai da aka bi ƙanana:
karen Lavonne ya ɓata, baƙi ne, yana ɗingishi;
motar kwashe ƙanƙara ta sake kayar da akwatin wasiƙar fasto;
za a sayar da kek ran Asabar
don a toshe rufin makaranta da ke yoyo kan 'yan aji huɗu.
Duk na rubuta. Hannuna ba ya zaɓe.

Sai mutumin kamfani ya miƙe, takalmi na sheƙi,
ya ce eka arba'in na gabas da rafi
za su ɗauki gida sittin, da fitilun titi, da haraji.
Sau biyar ya ce haraji, ina ja masa layi a gefen takarda.
Marlys Kowalke, shugabar majalisa, ta gyara tabarau.
Jikarta na aji huɗu.

Can baya Orval Tvedt ya ɗaga hannu,
hannun da zuma ta harba har ya daina kumbura.
Amya ashirin da biyu gare shi a bakin filin,
dokar rawaya kuwa ta ce ba kaji, ba akuya, ba zuma.
Bai ja magana ba. Ya ce,
"Wa zai je ya karanta musu?
Ni na gwada, ba su tsaya ba."
Aka yi dariya, irin wadda ke ƙarewa da tari.

Tessa, da jinjiri a ƙirji, ta ce shekara huɗu ke nan
tana haya a saman garejin kawunta.
Ta ce gari ba hoton bango ba ne,
in ba inda za ta kafa gado
ita ma za ta bi sahun 'yan ajinsu.
Ban san gefen da zan tsaya ba.
Na yi sa'a, ba a tambayar marubuciya.

Uku suka yarda, biyu suka ƙi.
Guduma ta sauka tara saura kwata.
Orval ya taya Tessa naɗe kujeru,
ya zaro kwalbar zuma daga aljihun kwat,
ya ce kar ta lasa wa yaron sai ya shekara.

Washegari aikin ya dawo kaina.
Na ɗauki rawaya na bi filin layi-layi,
na shafe tudun da muke zamiya muna yara,
na shafe itacen tuffa da tsawa ta raba biyu.
Rawaya a kan kore ba ya fita tas,
wani launi yake bayarwa
kamar buguwar da ta kwana uku a jiki.
A kusurwar rafi bakin fensirin ya karye.
Akwai abin fiƙe a aljihun tebur.
Ban buɗe ba.

Karen Lavonne ya dawo da ƙafarsa ran Juma'a.
An sayar da kek ɗin kaf, har wanda ya ƙone.
Zuma ba su ji labari ba,
sun dunƙule a amya suna ɗumama juna.
A taswirar da ke bangon ofis,
in ka matso sosai, gabas da rafi,
akwai ɗigon kore, bai kai ƙwayar wake ba.
Har yau ba wanda ya kawo maganarsa gaban taro.