Littafin Ma'aji

Ni aka miƙa wa littafi da biro,
ni da ban san lissafi ba sai na zare da maɓalli.
Suka ce, Tasi'u, kai ne ma'aji,
don ba ka iya shirya ƙarya da sauri.

Mu goma sha ɗaya ne a ƙungiyar,
sha biyu in awarar Ladidi ta ƙare da wuri.
Abin da muke tsaro
tudu ne a tsakiyar kududdufin bayan unguwa,
bai kai filin ƙwallon yara ba,
kanya ɗaya, giginya biyu, sai gidan tururuwa.
Mai dariya ya yi ta yi,
mu dai mun ce tsibiri.

Daga ramin nan kakanninmu suka haƙi ƙasa,
suka ta da soro da zaure a cikin Kano.
Tudun nan kaɗai suka bari.
Da magariba balbelu kan dawo daga bin shanu,
su sauka a kan kanyar
har koren ganyenta ya koma fari.

Shafin farko, karo-karo:
naira ɗari biyu kowace Juma'a.
Malam Barau ya ba da rabi, ya ce sauran na tafe.
Shekara biyu ke nan. Na rubuta ɗari.

Mun sayi manjagara huɗu da buhunan banza,
da tsohon kwalekwale wajen wani masunci a Wudil,
jirgin da ya fi raƙumi shan ruwa.
Nafi'u na tuƙi, Uwani na yashewa da gwangwani.
Ledar ruwa kaɗai buhu tamanin muka kwaso,
da takalmi wari-wari,
da akwatin talabijin da kwaɗi suka mayar gari.

Sai ga takarda daga wata gidauniya,
shafi goma sha tara, duk da Turanci.
Wai mutum nawa za su amfana?
Na rubuta: balbela ɗari uku,
kwaɗi ban ƙirga ba,
da gida arba'in da ambaliya ba ta ci ba bara
don ramin ya shanye ruwan kafin ya shiga ɗaki.
Suka ce a yi rajista, a buɗe asusu, a aiko hoto.
Rajistar ta haɗiye tarin wata huɗu.
Kuɗin ya iso bayan damina ta yi sallama,
rabinsa an ce na allon sanarwa ne.
Allon na nan tsaye,
ya fi duk abin da muka dasa tsawo da ƙwari.

Tsamiya ashirin muka dasa.
Rani ya janye ruwa, awaki suka tako a ƙafa.
Saura bakwai, mun kewaye su da ƙaya.
Na buɗe shafin asara, na rubuta haƙuri.

Yanzu da tsakar dare tifa ke zuwa,
ta juye ɓaraguzai ta gefen gabas.
Mai tifar ya aiko mana da ambulan,
wai gudummawa ce, wai shi ma mai son alheri.
Na kwana da ita a aljihu, ban ɓoye muku ba,
na lissafa sabon jirgi, na lissafa waya da turaku.
Da safe Ladidi ta ce,
ƙasar da za ta cike ramin
da ita ake son cike bakinmu.
Na mayar da ita ko buɗewa ban yi ba,
ƙafata na tafiya, zuciyata na cewa bari.

Ga abin da ya rage yau Asabar:
naira dubu huɗu da ɗari shida,
jirgi mai faci uku,
tsamiya bakwai, ɗaya ta fara toho.
Na rufe littafi zan koma kan keke,
sai na ji su suna wucewa ta saman shago.
Na leƙa ina ƙirgawa da baki,
lissafin ya ɓace mini tun ban kai ɗari.