Fito da Ƙafa

Shekara talatin ina tunkuɗa ƙasa da gora,
daga mashigin Marma zuwa tsallaken kasuwa.
Kafaɗata ta ajiye aiki a bara,
daren da na kasa kai lomar tuwo baka.
Mai ɗori ya murza, ya tofa, ya girgiza kai:
"Tanimu, wannan ba targaɗe ba ne, shekaru ne."

Inji? Na tambayi kuɗinsa a Haɗeja,
na juyo gida ban ko sha ruwa ba.
In ma kyauta aka ba ni, wa zai shayar da shi?
Kuɗin fiton yini ba ya cika masa kwalba.

Sai Ilu mai walda, wanda ko iyo bai iya ba,
ya dubi ƙafafuna kamar mai taya sa a kara,
ya ce, "Waɗannan tsayuwa kawai suka sani.
Lokaci ya yi su ma su biya kuɗin tuwo."

Muka raba tsohon keken ƙanena biyu.
Tayoyin muka bar wa yara su yi gare,
sirdi da feda da kaca
muka dasa a tsakar kwalekwale.

Ta farko farfela ce,
fikafikan fankar da ta ƙone a ɗakin shan magani.
Ta yi gudu, wallahi, kamar taku arba'in,
sai kachala ta naɗe ta kamar rawani.
Na taka, na taka, ina wuri ɗaya,
masu wanki a gaɓa har da riƙe ciki:
"Ku yi sallama da Tanimu, zai tafi Makka a keke!"

Ilu bai ce uffan ba. Kwana shida yana zane a ƙasa.
Ya dawo da gammo biyu na ƙarfe, dama da hagu,
kowanne da allunan katako takwas
masu marin ruwa ɗaya bayan ɗaya.
Wannan ba ruwanta da ciyawa, ta kanta take bi.
Amma ranar Talata ta jiƙa garin Tabawa,
kwano huɗu na gero, ya zama kunu tun a hanya.
Na biya. Har yau ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Rabin duro muka kifa a kan kowane gammo,
ruwan ya koyi ladabi, ya koma inda ya fito.

Yanzu da asuba nakan ɗiga wa kaca man gyaɗa,
in hau sirdi, in ce bismillah,
buhun shinkafa biyar, akuya, mutum shida,
hannuna ɗaya a kan igiyar juya kai,
ɗayan a cinya, yana hutun da ya daɗe yana bina.
Ba hayaƙi, ba ƙara, sai fat, fat, fat,
da ɗan kukan kaca in ta ji ƙishi.
Agwagin ruwa ba sa tashi in na zo wucewa,
zalɓe yakan dube ni da ido ɗaya
ya ci gaba da jiran kifinsa.

Kada in yi ƙarya, iska in ta taso daga gabas
cinyoyina kan yi wuta kafin tsakiya.
Kaca ta taɓa tsinkewa da mai naƙuda a ciki,
da ɗankwalin surukarta muka ɗaure muka ƙarasa.

Gorar tana nan, kwance a gefen jirgi.
In ruwa ya janye, laka ta kama allunan,
jikana Hashimu ke miƙewa da ita.
Ina kallon kafaɗarsa, sabuwa ful,
ina cewa a raina: yi a hankali, yaro,
guda biyu kacal aka ba ka.

Ilu kuwa har yau bai yarda ya hau ba.
Yakan tsaya a gaɓa, hannu a baya,
yana sauraron kacarsa tana tsallaka ruwa.