Baiti Huɗu a Brno

Ƙarfe biyun dare, taragon ƙarshe ya wuce,
Zdislava ba ta tashi ba.
Shayi ya huce.
Na'ura biyu gabanta, tsohuwa mai tari, sabuwa shiru.

Tambaya ɗaya ta aika wa ƙwayar manhaja:
fayil ɗin nan na wane ne, nawa girmansa,
yaushe hannu ya taɓa shi ƙarshe?
Ba ta ce a buɗe ba.
Sallama kawai take daga bakin ƙofa.

Tsohuwar ta amsa a ƙofa ta ɗari da shida.
Sabuwar ba ta gaji ƙofar ba,
ta ce a zagayo ta baya.
Ɗaya tana ƙirga daga ka, ɗaya daga wutsiya,
ɗaya ta ba lokaci baiti huɗu, ɗaya takwas,
tsakani ga gurbin da ba kowa,
an bar shi don sahu ya daidaita.

Muryar mahaifinta ce a ciki, Bohumil,
yana bayanin auren reshen tuffa.
Sabuwar ta ce an taɓa shi
shekara saba'in nan gaba.
Ta yi dariya. Sai dariyar ta tsaya.

Ta matsar da baiti huɗu, ta sāke tambaya.
Talata, cikin Maris,
mako guda kafin asibiti.
Mai shi: dubu da ɗaya.
Ƙwaya ba ta san suna ba, lamba ta sani.

Ƙanƙara na sauka kan layin dogo.
Ba ta buɗe ba tukuna.