Ɗinkin Ciki

Kwana tara ana ruwa a Hue,
kogi ya hau matakala, ya leƙa kasuwa, ya koma.
Ina zaune a rumfata mai faɗin tabarma biyu,
ƙarfen liƙi yana jone, bakinsa ya yi ja,
sai ga Thuc mai furanni
tana turo babur da hannu, rigar ruwa na ɗiga.

Santsi ya kayar da ita a gangaren gada.
Ita gwiwa kawai ta kuje,
amma robar ƙirjin babur ta tsage
tun daga ƙarƙashin fitila har kunnen da noti ke kamawa,
wani ɓalli kuma, kamar ganyen lemo,
ta zaro shi daga aljihu ta ajiye mini a tafi.

Ta ce, Khiem, an ce kamfanin ya daina yin irinta.
Na ce, tun ɗanki yana rarrafe suka daina.

Na kwance notuna shida, biyu ba nasa ba ne.
Na kankaro ɗan ƙyalle daga gefe na kai wa wuta,
don roba ma dangi gare ta:
wata warin kyandir take, ta ɗiga kamar hawaye,
wata baƙin hayaƙi take yi mai kama maƙogwaro.
In ka aurar da wannan ga waccan,
ramin farko a hanya zai raba su.

Na huda ɗan rami a inda tsagar ta tsaya,
don tsaga matafiyiya ce, sai an tare mata gaba.
Sannan na kifa robar zan fere ta ta ciki.

A nan hannuna ya tsaya.

Ga wani tsohon ɗinki, karkatacce,
kamar sawun kaza a kan laka,
wayar ta leƙo waje biyu, robar ta ƙone wuri ɗaya,
a gefe an zana da bakin ƙarfe
ƙaramin harafin farkon sunana.

Ina ɗan sha bakwai ke nan, a rumfar tsoho Lam,
ranar da ya tafi jana'izar ƙaninsa ya bar ni da shago.
Da ya dawo ya ga aikin,
bai zage ni ba, ya dai ce in irin wannan zan riƙa yi
gara in koma kamun kifi.
Na kwana ban ci abinci ba.

Shekara ashirin da shida.
Rana ta cinye jan fenti ta mai da shi ruwan goro,
ambaliya ta sha kan babur ɗin ban san sau nawa ba,
Lam kansa yana can kan tudu, ciyawa ta rufe shi,
ga sabuwar tsaga ta zo da gudu,
ta iske mummunan ɗinkina, ta kauce,
ta bi ta gefe.

Na yanko tsinken roba daga murfin wani mataccen babur,
na kwantar da ragar waya, na danna ta nutse,
na bi da narki sannu, kamar mai zuba zuma a kwalba.
Hayaƙi ya sa ni tari. Thuc ta matsa bakin ƙofa
tana gyara kawunan furannin da suka karye.
Ɓallin ya koma gurbinsa, kunnen ya kama.
Na goge waje da sanfefa har yatsa ya daina jin tudu.

Ta ce, ka share wancan tsohon ƙazamin aikin mana,
ko wane ne ya yi shi.

Na ce, wani yaro ne. Bar masa abinsa.

Ta ƙirga kuɗi, ta ɗora mini fure uku masu karyayyen wuya.
Na sa su a gwangwanin notuna.
Ruwan bai ɗauke ba.