Ramin Da Ya Ciyar Da Ni

Ni ne Tanimu mai faci.
Rumfata na bakin titi, kafin ka kai Ƙofar Doka,
daidai ramin nan da direbobi suka raɗa wa Tukunyar Gwamna.
Shekara tara muna maƙwabtaka.
Shi ya fasa, ni in liƙe.
Ko sau ɗaya ba a ji kanmu ba.

Da damina yakan cika har baki,
agwagin gidan Ladidi su zo wanka,
ɗan acaɓa ya ɗage ƙafafu kamar mai tsallake najasa,
tirela ta durƙusa, ta yi nishi, ta miƙe.
Da magariba in zauna in ƙirga:
taya biyar, tif uku, da wani rim da ya karkace.
A nan buhun masarata ya fito.
A nan kuɗin jarrabawar Sa'adatu ya fito.

Sai ga labari a rediyon Ɗanjummai mai shayi,
wai Tarayya ta saki kuɗin farfaɗo da ƙasa,
wai da manyan tituna za a fara,
daga Kwangila, a bi ta Tudun Wada, har a iso mu.
Ɗanjummai ya ja tsaki.
Ya ce, tun ina da suma nake jin wannan.
Kuɗin Abuja ƙanƙara ce a hannun yara,
kowa ya riƙe ya lasa ya miƙa,
kafin ta iso Zariya sai danshin tafi.

Amma ran Talata aka zo.
Wata injiniya, hular kwano a kan ɗankwali,
takalminta duk jar laka,
ta ja igiyar awo daga wannan leɓe zuwa wancan,
ta kewaye maƙwabcina da jan fenti
kamar ragon da aka gama cinikinsa.
Ta ce, Malam, tun yaushe yake nan?
Na ce, ya girmi ɗana na uku.
Ta rubuta.

Daren nan barci ya ƙi.
Idan titi ya yi sumul,
wa zai tsaya a rumfar Tanimu?
Wallahi na buɗe baki
zan yi addu'ar da ba ta kamata ba.

Sai na tuna Iliya, ƙanin mai ɗakina.
Daren da aka ɗauke wuta, ruwa ya rufe ramin ruf,
ya taho daga Wusasa da maganin tsohuwarsa a aljihu.
Da safe ni na ja babur ɗin zuwa bayan rumfa.
Tayar na liƙe, ko kwabo ban karɓa ba.
Ƙafar ce ba ni da facinta.
Yanzu duk Juma'a yana wucewa ta gabana,
ƙwas, ƙwas, da sandar ƙarfe,
ya gaishe ni,
ni kuwa in rasa inda zan sa idona.

Jiya katafila ta iso.
Tsakuwa, ƙura, warin kwalta har cikin shayi.
Na tsaya ina kallo aka cika masa ciki,
rola ta bi ta kansa sau bakwai, na ƙirga.
Na matsa kusa da injiniyar, na ce,
Hajiya, don Allah a zuba da kauri.
Kada a yi mana mai kaurin ɓawon albasa
wadda ruwan farko zai kwashe.
Ta dube ni, ta dubi tulin tayoyina,
ta yi dariya, ba ta ce komai ba.

Ɗanjummai har yanzu bai yarda ba,
ya ce a bari Agusta ta zo ta yi shaida.
Ni dai na san ƙusa ba ta ƙare a duniya ba.
Na goge famfona, na sa masa mai.

Da safen nan agwagin Ladidi suka fito a jere,
suka tsaya a kan baƙar kwalta,
suna waige-waige.