Mai Gadin Tsaga

Sunana Sanmaya. A ƙauyenmu, can cikin tsaunukan Nepal,
ni aka ba gadin tsaga.
Ba albashi. Tocila ɗaya, usur ɗaya,
da littafin da laima ta riga ta cinye bangonsa.

Tsagar tana bisa gonakin tamba,
inda tsauni ya yi ƙusumbi.
Shekarar da ta fara buɗe baki
ɗan yatsana kawai ke shiga.
Bara ta haɗiye tafin hannuna.
Bana na zura sandar gora, ban taɓo ƙarshenta ba.

Wani saurayi daga Katmandu ya kafa turaku biyu,
ɗaya nan, ɗaya ƙetare,
ya ja waya, ya rataya gwangwanaye bakwai masu tsakuwa a ciki.
Ya ce, Inna, in ƙasa ta motsa, su za su gaya miki.
Ya shige motarsa tun damina ba ta yanke hanya ba.

Sau biyu na tashi gari cikin dare.
Na farko, akuyar Birkha ce ke susa da wayar.
Na biyu, iska.
Tun daga nan yara ke bina suna kaɗa gwangwani,
mata su yi tsit in na iso wurin ɗibar ruwa,
in na juya baya dariya ta watse
kamar an ɓarar da wake a faranti.

Kwana tara sama ba ta ɗauke ba.
Idon ruwan bayan gidana ya koma launin shayi da madara.
Ƙofata ta ƙi rufuwa.
Itatuwan kan tudu sun karkata wuya
kamar masu sauraron gulma.

A dare na goma gwangwanayen ba su yi surutu ba.
Ƙas, sau ɗaya. Sai shiru.
Na tsaya bakin ƙofa, usur tsakanin haƙora.
In akuya ce fa?
Kunya ta riƙe ni numfashi uku.
Na ƙirga su. Har yau ina ƙirga su.
Sannan na busa.

Suka fito suna zagina, amma dai suka fito,
da jarirai, da bargo, da tsohuwar Kanchi a cikin kwandon goyo,
muka nufi makaranta a kan ƙashin tudu.
Rabin hanya Birkha ya tsaya.
Ya ce ɓaunarsa na ɗaure.
Ya ce yanzu zai dawo.

Ba tsawa ba ce, tsawa daga sama take zuwa.
Wannan ta tafin ƙafa ta shigo,
ta bi ƙashi, ta tsaya a haƙori.
Sai warin ɗanyar ƙasa da saiwoyi,
warin gona da aka nome gaba ɗaya
cikin ƙiftawar ido.

Da gari ya waye, babu gari.
Jan tabo, daga wuyan tsauni har bakin kogi.
Malamin makaranta ya kira sunaye daga rajista,
mutum sittin da biyu suka amsa.
Ɓaunar muka tarar tsaye, laka har ƙirji,
igiyarta a kwance, an warware ƙullin da hannu.

Ɗana ya bugo daga Doha.
Inna, rufin kwanon da na aiko kuɗinsa?
Na ce, yana nan, ɗana.
Ƙasa ce dai ta hau kansa.

Yanzu in na wuce sai a haɗa tafuka a sunkuyar da kai.
Sun rataya mini furanni a wuya,
har matar Birkha ta sa hannu a saƙar.
Ba wanda ya tambaye ni numfashin nan uku,
ni ma ban faɗa ba.

Shekaranjiya, bayan makaranta, kusa da tukunyar ruwan yara,
na ga wani siririn layi a ƙasa.
Na durƙusa. Ɗan yatsana ya shiga.
Na fara tara gwangwani.
Ina da huɗu.